Layi Uku a Gindin Shafi na Sha Bakwai

Yau in ka sami Mushe Shitu Kabo zaune a ƙofar ɗan gidansa can bayan gari, ka tambaye shi ma'anar wata kalma, ko da "ruwa" ce, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce bai sani ba. Mutumin da ya yi jami'a a Dakar! Mutumin da ya shekara kusan talatin yana rubuta wa ministoci abin da za su faɗa! Baƙo sai ya ɗauka rowar ilimi ce, ko ruɗin tsufa. Mu da muka tashi a Zangon Wagadugu mun san ba ko ɗaya. Kalma guda ya taɓa fassarawa a takarda, kuma abin da ta jawo masa ya ishe shi har ya koma ga Allah.

Gidan su Shitu ba ɓoyayye ba ne a Zango, unguwar da Mosawa ke ce wa Zangwetin. Kakansa Madugu Dodo ya zo da jakai ɗauke da goro tun Bature bai san hanyar garin ba. Ya roƙi wuri aka ba shi, ya gina zaure, ya haƙa rijiya gaba goma sha biyu a tsakar gida. A gidan aka haifi Alhaji Kabo, a gidan kuma Alhaji Kabo ya haifi nasa bakwai, Indabo ce babba, Shitu ne auta. Rabin layin a rijiyar nan suke ɗiban ruwa, har bakinta ya yi zane-zane saboda gugar igiya.

A wancan zamani kai yaro lakwal, makarantar Nasara, abin gori ne a Zango. Indabo ce ta karya wannan. Tana 'yar shekara sha bakwai ta raka babanta wani ofis, ta ga an shanya shi a rana tun hantsi har azahar a kan wata takarda da bai iya karantawa ba, dattijo da rawaninsa, wani ɗan akawu yana yi masa magana yana sakace. Da suka dawo gida ta ce, "Baba, gidan nan sai an sami mai karanta takarda." Alhaji bai ce to ba, bai ce a'a ba. Washegari ta wanke Shitu, ta kama hannunsa, ta ratsa layin da shi mata na leƙe suna taɓe baki.

Yaro kuwa ya yi kai. Yana ɗan shekara sha ɗaya aka sami mulkin kai, ya yi ta tsallake aji, ya tafi Dakar, ya dawo a saba'in da uku da takardar digiri a kan ilimin ƙasa da mazaunanta. Gwamnati ta ɗauke shi a wata ma'aikata mai kula da tsarin gari, ta ba shi tebur da kujera da muƙamin jami'in nazari. Ranar da ya fara shiga Zango a kan sabuwar mobilet, ɗan babur ɗin nan, da wuyan riga a ɗaure, matan da suka taɓe baki su suka fi kowa guɗa. Indabo ta daina kiransa Shitu, sai Mushe, wato Malam a bakin Faransawa, rabi tsokana rabi alfahari.

Aikin jami'in nazari, in ba ka sani ba, aikin wanke hannu ne wani ya ci tuwo da shi. A ce minista yana son sanin yadda za a yi da kasuwar dabbobi. Shitu ya shiga rana ya ƙirga, ya tambaya, ya tono tsofaffin takardu, ya rubuta shafi arba'in. Shugaban sashe ya mayar da su goma ya sa hannu. Direkta ya mayar da su biyu ya sa hannu. Minista ya karanta rabin shafi a rediyo, a tafa masa. Sunan Shitu bai taɓa fitowa ko'ina ba, in banda sau ɗaya.

A saba'in da biyar aka kawo wani Bature mai ba da shawara, aka ce a rubuta masa bayanin unguwannin tsakiyar gari. Shitu aka ba, Baturen kuwa ya ce wanda ya yi aiki shi za a sa sunansa a bango. Da suka zo kan unguwarsu, Baturen ya ɗora yatsa a kan sunan ya ce, "Wannan kalma taku, zango, me take nufi?"

Kai, ƙuruciya! Shitu yana ɗan ashirin da shida, ga Bature na tambayarsa yana riƙe da alƙalami. Kansa ya kumbura. Ya gyara zama ya zuba bayani: zango wuri ne da ayarin fatake ke sauka, su kwance wa jakai kaya, su kwana su wuce. Shi ya sa ake cewa an yada zango. Don ya ƙara burge mutumin, har ya ɗora da cewa mutanen unguwar da bakinsu suke kiran kansu baƙi, in ka tambaye su garinsu su ce Katsina ko Kano. Baturen ya yi murna ƙwarai, ya ce lalle a sa wannan a gindin shafi, masu karatu za su ji daɗinsa. Shitu ya sa. Layi uku ne da ƙananan baƙaƙe a gindin shafi na sha bakwai.

To, ƙarya ya yi? Bai yi ƙarya ba, kuma abin da ke ci mini rai ke nan. Gaskiya ne dattawanmu in sun je gaida sarkin ƙasa sukan durƙusa su ce, "Mu baƙinka ne." Amma wannan ladabi ne, jama'a! Girmama wanda ya ba kakanka wuri ne. Gaskiya ne in ka tambayi ɗan Zango asalinsa ya ce Katsina, alhali shi da ubansa ko garin Kupela na cikin ƙasar nan ba su taɓa wucewa ba. Wannan tutiya ce irin tamu, ba wanda ke nufin ya ɗaure kaya gobe. Duk yaron da ya sha ruwan Zango ya san bambancin, Shitu ma ya sani. Takarda ce ba ta sani ba, shi kuwa bai gaya mata ba.

Ya kawo kwafi ɗaya na rahoton gida. Indabo ba ta iya karanta komai a ciki ba, amma ya nuna mata inda sunansa yake, S. Kabo, ta shafa wurin da yatsa, ta naɗe littafin a ƙyallen atamfa ta sa a ƙasan adakarta.

Shekaru suka yi ta tafiya. Gwamnatoci suka zo suka wuce, ƙasar kanta ta sake suna, ministoci kuwa Shitu ya daina ƙirga su. Ya rubuta wa mai farar hula, ya rubuta wa mai kaki. Yaran da ya koya wa yadda ake jera dosiye, wato fayil ɗin takardu, suka tsallake shi suka zama manyansa, don shi bai iya zuwa gaisuwa gidan manya ba, bai kuma da kowa a sama. Alhaji Kabo ya rasu. Indabo, da mijinta ya mutu, ta dawo ta riƙe gidan. Shitu ya yi aure a ciki, ya haihu a ciki, bai taɓa tunanin barinsa ba. Layukan nan uku kuwa ya manta da su sarai.

Saura shekara biyu ya ajiye aiki, aka fara raɗe-raɗin za a sabunta tsakiyar gari. Wata Talata da safe masinja ya ajiye masa dosiye mai kauri a tebur, da 'yar takarda a kai: a taƙaita wa kwamiti. Ya buɗe. An raba unguwanni gida biyu. Na farko tsofaffin mazaunai, waɗanda za a gyara musu a inda suke. Na biyu matsugunan wucin gadi, waɗanda za a tasa. Ya bi jerin farko da yatsa har ƙasa bai ga Zango ba. Ya juya shafi, sai ga ta a kan gaba a jeri na biyu. A gefenta an rubuta hujja: sunan unguwar kansa yana nufin masaukin matafiya, mazaunanta kuma suna ɗaukar kansu baƙi. Madogara: S. Kabo, 1975, shafi na 17.

Ya karanta sau uku. Ya cire tabarau ya goge ya sake karantawa. Sai ya tashi ya rufe ƙofar ofis, ya tsaya riƙe da mariƙin ƙofar.

Ban ce layukan nan kaɗai suka tashi Zango ba. Masu son fili a tsakiyar gari ba sa rasa dalili. Amma cikin dalilan duniya duka, su rasa wanda za su ɗauko sai bakin ɗan gida? Haba!

Labari ya riga ya isa unguwa. Ranar Juma'a bayan an sauko, Liman Malam Isiyaku ya zo zauren gidan da dattawa biyar. Ya ce, "Malam Shitu, mun ji abin da ake shiryawa. Mu ba mu san ƙofar da ake shiga ba. Kai ne idonmu a can." Indabo tana daga soro tana ji, ta ɗaga murya ta ce, "Allah gafarta Malam, ku kwantar da hankalinku. Don irin wannan ranar na kai shi lakwal." Dattawa suka yi dariya, suka shafa fatiha. Shitu ya buɗe baki zai faɗa musu, ya dubi fuskar yayarsa, sai ya fasa. Abin da ya iya cewa kawai, "Zan yi iya ƙoƙarina."

Ya kuwa yi. Abu ɗaya yake nema, a ɗauke Zango daga jeri na biyu a mayar da ita na farko, gidan ubansa ya tsaya inda yake. Mako shida yana yawo gida-gida bayan an tashi aiki. Ya rubuta rijiyoyi da waɗanda suka haƙa su. Ya rubuta limaman masallaci tun na farko. Ya zaunar da Indabo ta lissafa masa wa ya haifi wa a layinsu har kaka huɗu, tana yi tana gyara shi, "A'a Mushe, Salamata ta gidan Ali ba a garin Fada aka haife ta ba, a ɗakin da ke jikin rijiyarmu aka yanke mata cibi, ina tsaye." Ya haɗa shafi goma sha ɗaya, bai taɓa rubuta abin da ya kai su kyau ba. A ƙarshe ya sa cewa bayanin da ke shafi na sha bakwai na tsohon rahoton kuskure ne, marubucinsa ya janye shi.

Ya kai wa Direkta da hannunsa. Direktan nan yaro ne a wurinsa, shi ya koya masa aiki, mutum mai fara'a da ladabi, irin ladabin da ba ya hana komai. Ya tashi tsaye ya ba shi kujera, ya karanta a nutse, ya ajiye.

"Mushe Kabo, aiki ya yi kyau, wallahi. Sai dai ya saɓa wa madogararmu."

"Mushe Direkta, wace madogara?"

"Kabo, saba'in da biyar. Rahotanni huɗu sun kafa hujja da shi tun daga lokacin. Har waɗanda za su tallafa wa aikin daga waje sun ambace shi."

Shitu ya dafa ƙirji. "Ni ne fa Kabon. Ga ni zaune a gabanka. Na ce na yi kuskure."

Direkta ya yi ɗan murmushi na jin nauyi, ya juya alƙalami a hannu. "Na sani, Mushe. Amma ka duba yadda kwamiti zai kalli abin. Kabo na saba'in da biyar masani ne, ba ya neman komai. Kabo na yau mai gida ne a unguwar. In aka ajiye maganganun nan biyu, ta wa kake jin za a ɗauka?"

"A saba'in da biyar ma a gidan nake kwana."

"Ba a rubuta hakan a rahoton ba."

Ka ji fa! Mutum da ransa da lafiyarsa, takardar da ya rubuta yana yaro ta fi shi daraja. Shitu ya ji kamar ya kifar da teburin. Bai kifar ba, shekara talatin na "to, Mushe" ba sa barin mutum ya kifar da tebur. Ya dai roƙi a bar shi ya yi wa kwamiti magana da bakinsa. Direkta ya ce zai nema masa minti biyar.

Minti biyu aka ba shi. Mutum goma sha huɗu a dogon tebur, kowa da kwalbar ruwa a gabansa, na'urar sanyi na ta gurnani. Ya fara bayanin ladabin dattawa da yadda ake gaida sarkin ƙasa, sai shugaban zaman ya ɗaga hannu.

"Mushe Kabo, lokaci ya ƙure mana. Tambaya ɗaya. A harshenku, kalmar zango tana nufin wurin da matafiya ke sauka su wuce, ko ba ta nufi?"

Da wani ne da ya ce ba ta nufi, wa zai kama shi? Ba mai jin Hausa ko ɗaya a ɗakin. Amma Shitu bai iya ba. Bai taɓa rubuta ƙarya a takarda ba, bakinsa kuma bai saba ba.

"Tana nufi, amma..."

"Mun gode, Mushe Kabo."

Sakataren zaman ya rubuta cewa marubucin rahoton ya halarta, ya kuma tabbatar da ma'anar kalmar. Shafi goma sha ɗayan nan aka liƙa su a bayan dosiye, inda ba mai kaiwa. Abin da ya fi ƙona rai, taƙaitawar da za a kai wa minista har yanzu aikin Shitu ce. Ya ce ba zai rubuta ba, karo na farko a rayuwarsa da ya ce a'a a ofis. Ba wanda ya yi masa faɗa. Wani yaro da ke teburin kusa ya rubuta ta kafin azahar.

Zango ta yi abin da za ta iya. An yi taro, an yi addu'a, matasa sun fito titi, dattawa sun kai kuka inda duk aka ce su kai. Shitu yana cikinsu, kullum a baya, kullum shiru. Mutane suka ce ciwon abin ne ya kama shi. Indabo har tausarsa take, "Mushe, ka yi naka, abin ya fi ƙarfinka ne." Duk ranar da ta faɗi haka sai ya ture kwanon tuwo ya tashi.

Aka zo aka shafa wa gidaje jan fenti. Aka sa rana. Aka ba kowa lambar parsel, ɗan filin da zai koma, can inda ko inuwa babu.

Ranar tashi, da hantsi, babbar mota na ƙofar gida ana loda gadaje da tabarmi. Daga layin baya ana jin ƙarar motar rusau da faɗuwar katanga. Indabo, tana da shekara sittin da huɗu, ta ce ba za ta hau ba sai ta ja guga na ƙarshe. Ta ja da kanta, ba ta yarda kowa ya taya ta ba, ta cika tulu. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshin atamfar nan da ya shekara ashirin da takwas a adaka, ta miƙa wa Shitu.

"Ungo littafinka, Mushe. Kada ya ɓace a hayaniyar kaya."

Ya karɓa. Ya kwance ƙyallen, ya buɗe shafi na sha bakwai.

"Yaya, akwai abin da ban gaya miki ba."

Ya karanta mata layukan uku, yana mayar da su Hausa kalma bayan kalma, bai rage ba, bai sassauta ba. Ya gaya mata inda ya sake ganinsu, da abin da Direkta ya ce, da tambayar da aka yi masa da amsar da ya bayar. Tana tsaye dafe da bakin rijiya har ya gama.

Sai ta ce, "Sake karanta mini na farkon."

Ya sake. Wurin da ayari ke sauka, su kwana su wuce.

"Baturen da ya tambaye ka, ka kawo shi gidan nan?"

"A'a, Yaya."

"Da ka kawo shi ya leƙa." Ta shafa zanen igiya a bakin rijiyar. "Wane mai wucewa ne ke haƙa gaba goma sha biyu?"

Shitu ya sunkuyar da kai. Ya so ta zage shi, ta tara masa jama'a, ta ce ta yi nadamar ranar da ta kama hannunsa. Da ta yi haka da ya sami sauƙi. Direban mota ya danna oda a waje.

Indabo ta gyara mayafinta. Ta karɓi littafin daga hannunsa, ta mayar da shi cikin ƙyallen, ta ɗaure kamar yadda yake, ta sa a hammata.

"Ai shi ke nan, ba ka yi ƙarya ba," in ji ta. "Ka ce mu masu wucewa ne, ga shi muna wucewa. Ɗauko tulun nan, Shitu."

Rabonta da ta kira shi da sunansa shekara talatin ke nan. Ya durƙusa ya ɗauki tulun, ya bi bayanta.